An dasa mini haƙori, ga bikin ƙanwata ranar Asabar: me zan ci, me zan bari?

ƊanKwari_82:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Jiya Talata da hantsi aka yi mini dashen haƙori guda biyu, turamen ƙasa na ɓangaren hagu waɗanda aka cire mini shekara uku da suka wuce. Ba irin na cirewa a jiƙa a kofi da daddare ba, irin wanda ake huda ƙashin muƙamuƙi a ɗaura ƙarfe kamar noti, sai daga baya a ɗora kan haƙorin. Likita ya yi mini bayani da aka gama, amma maganar Allah a lokacin leɓena ya yi nauyi kamar ba nawa ba, hankalina yana kan yadda zan kai gida. Abin da na riƙe kawai shi ne abu mai laushi, ban da zafi. Takardar da suka ba ni kuma duk abincin Turawa ne a ciki. Tun jiya kunu nake sha, yanzu ko kofin ba na son gani. Ga shi ranar Asabar ɗaurin auren ƙanwata, an riga an ba da aikin waina da sinasir da naman kaji, abokaina kuma na san da daddare sai sun ja ni wajen mai tsire. A abincinmu na nan Kano, me zan ci, me zan bari, kuma har zuwa yaushe?

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Sannu, Allah Ya ƙara sauƙi. Tsire kam cire shi daga lissafi tun yanzu, ko kusa da tukubar kada ka je. Ka ce wa uwargida ta yi maka faten dankalin turawa ta dame shi sosai, ko tuwon shinkafa mai ruwa-ruwa da miyar kuɓewa ba yaji, ka riƙa haɗiya ba sai ka tauna ba. Alala ma tana yi, a bar ta ta huce. Da aka cire wa maigidana turmi haka muka yi kwana biyar.

Sarkin_Tsokana:
Tab! Mutum ya zuba kuɗin babur a cikin baki, kwana ɗaya da yi yana cigiyar tsire. Alhaji ba ni katin gayyatar in wakilce ka, na yi alkawarin kawo maka labarin ɗanɗanon.

ƊanKwari_82:
@Sarkin_Tsokana Allah Ya shirye ka. Dariya ma ciwo take sa ni, don Allah ka bari.

Abban_Khalifa:
Ni an yi mini nawa shekara biyu ke nan, guda ɗaya a sama. Abin da na koya da jikina shi ne ba abu mai tauri kaɗai ke ɓarna ba. A kwana na huɗu na ce ai dambun shinkafa ba shi da tauri, ya ji mai ya ji zogale, na zauna na share faranti guda. Ashe tsakin ya shige ƙarƙashin zaren ɗinkin. Na kai harshe na kasa, na ɗauko tsinken sakace, nan take jini ya ɓalle. Washegari wajen ya kumbura har yana ɗan wari, sai da na koma aka wanke mini da sirinji, aka haɗa mini da faɗa. Saboda haka duk abin da ke warwatsewa a baki ka ƙaurace masa: dambu, burabusko, kwaɗon zogale da na rama saboda ƙuli-ƙulin da ke ciki, kantun riɗi, gyaɗa, gugguru, garin kwaki. Har dambun nama, wanda mutane ke ɗauka shi ne naman marasa haƙori, silin nan nasa maƙalewa yake yi. Shinkafa ma in wara-wara ce ka jinkirta, tuwonta ya fi.

Hajjaju_Mai_Kuloli:
To ni dai sana'ata ke nan, abincin biki nake yi shekara da shekaru, ban ga laifin waina da sinasir ba. Gefen wainar ne yake ƙamewa a tanda, a yaye shi a ba shi tsakiyar, a jiƙa ta da miyar taushe har ta narke. Sinasir kuwa ko jariri mai fara cin abinci ana ba shi. A ɗibar masa miyarsa daban kafin a zuba attaruhu, shi ke nan. Kada ku sa bawan Allah ya zama abin tausayi a bikin gidansu.

Likitar_Haƙori:
Sannu ɗan'uwa. Kafin komai, wanda ya yi aikin shi ya ga ƙashinka, shi ya san ko ya ƙara maka garin ƙashi ko bai ƙara ba. Ka kira shi ka sake tambaya, ba abin kunya ba ne, kusan duk wanda ya tashi daga kujerar nan mantawa yake yi.

Rauni biyu ne a bakinka. Na dasashi shi kake gani kake ji, yana haɗewa cikin mako ɗaya zuwa biyu, shi ya sa ake cire zare tsakanin kwana 7 zuwa 14. Na ƙashi kuwa ba ka ganinsa, kuma shi ne mai dogon zango, wata 3 zuwa 6 kafin ƙashi ya gama kama ƙarfen. Na ƙasa irin naka ya fi saurin kamawa saboda ƙashin muƙamuƙin ƙasa ya fi na sama ƙarfi.

A kwana biyun farko abin da muke gadi shi ne gudan jinin da ya daskare a wajen. Zafi yana buɗe jijiyoyi jini ya dawo, don haka shayi mai tururi, koko daga tukunya, farfesu, duk a jira su huce har yaro zai iya sha. Kada ka zuƙi abu da tsinken lemo, kada ka tsartar da yawu da ƙarfi, kada ka wasa ruwa a baki. Yaji da tsami ba su ke kashe dashe ba, amma suna cin ɗanyen nama su sa raɗaɗi: attaruhu, yajin tsire, lemon tsami, abarba, zoɓo, kunun tsamiya, lemon kwalba mai gas. Ka ba su mako guda zuwa biyu. Abin da @Abban_Khalifa ya lissafa duk daidai ne, sai an cire zare. Tauna kuma duk a ɓangaren dama.

Hajiya, shawararki ta waina ta yi, ranar Asabar kwana huɗu ke nan, zai iya. Naman kajin ne dai a'a.

ƊanKwari_82:
Innalillahi. Likita, kunun tsamiya nake sha tun jiya, da ɗuminsa kuma. Shi ya sa duk kurɓa ɗaya sai na ji kamar an watsa mini barkono.

Likitar_Haƙori:
Koma kunun gyaɗa ko na alkama, a tace sosai, a sha da cokali bayan ya huce, ban da matsa lemon tsami. Amma kada ka zauna a kan kunu kaɗai. Jiki ba ya gina nama da ƙashi da ruwan gero. Soyayyen ƙwai mai laushi, alala, awara dafaffiya ba soyayya ba, kifi da aka zare ƙayarsa tsaf, faten wake da ya dahu ya mutu, kabewa, ayaba, gwanda, fiya. Kuma magungunan ciwo irin su ibufurofen ba a shan su da cikin wofi.

Yar_Rugar_Baffa:
Me ya sa ba wanda ya ambaci fura da nono? Ga sanyi, ga laushi, ga riƙe ciki. Ya aika Ƙofar Wambai a sayo masa kindirmo mai kyau a dama masa, ya manta da zancen kunu.

Injiniya_a_Jamus:
@Yar_Rugar_Baffa a'a fa. Ni a nan aka yi mini, kuma abu na farko da likitan ya ce shi ne ban da madara, ban da yogot, ban da cuku har kwana uku. Har a takarda ya rubuta. Ya ce ƙwayoyin da ke cikin nono suna iya shiga raunin.

Yar_Rugar_Baffa:
Ikon Allah. Mu da aka yaye mu da nono, kakata ta haura 80 haƙoranta reras. Yanzu kuma nono ne ya zama guba? Bature dai ba ya rasa abin faɗa.

Ɗalibin_BUK:
Ku biyun kowa da gaskiyarsa. Hana nono bayan aikin baki al'ada ce da ta yi ƙarfi a tsakanin likitocin Jamus da maƙwabtansu. A Ingila da Amurka kuwa yogot yana cikin abin farko da ake cewa a sha. Inda maganar take da tushe guda biyu ne. Ɗaya, akwai magungunan kashe ƙwayoyin cuta da sinadarin kalsiyom na madara yake riƙewa ya hana jiki zuƙarsu, kamar tetarasaikilin da doksisaikilin da sifuro, dole a raba tsakaninsu da awanni. Amoksisilin, wanda aka fi bayarwa bayan aikin haƙori, ba ruwansa da wannan. Biyu, nonon da ba a tafasa madararsa ba yana iya ɗauke da cuta, kuma wannan ko ba ka da ciwo a baki haka ne. Ni a ganina matsalar ma tana wajen furar: akwai citta da kanumfari da barkono a ciki, kuma in da ludayi aka dama gudaji suna saura.

Yar_Rugar_Baffa:
To sai a markaɗa a bilenda. Kun ga an dawo maganata.

Injiniya_a_Jamus:
Ni dai na bi abin da nawa likitan ya ce kuma na warke lafiya. Kwana uku ba nono ba ya kisa.

Kawu_Na_Mariri:
Salamu alaikum. Yarana ku gafarce ni, ni ba gwanin rubutu a waya ba ne. Shekarata 40 ina harkar goro, tun muna Ujile kafin a dawo da mu Mariri. Yarana sun matsa sai an yi mini irin wannan dashen a haƙoran gaba bayan Sallah. Tambayata ɗaya ce, goro fa? Ni in na wuni ban ci ba kaina sarawa yake yi. In taunawa ce matsalar, ina da magogi, tsofaffinmu da shi suke gurzawa su zuba a baki.

Sarkin_Tsokana:
Kawu ya zo da babbar magana. Wannan ko dashen ko daushe, dole a zaɓi ɗaya.

Likitar_Haƙori:
Sannu Kawu, Allah Ya ƙara girma. Magogi ya raba ka da tauri amma ya haɗa ka da gari, kuma garin goro shi ne irin abin da ke shigewa ɗinki. Mako biyun farko a haƙura gaba ɗaya. Ciwon kan da kuke ji na sabo ne da sinadarin kafin da ke cikin goro, shi ne dai wanda ke cikin shayi da gahawa, don haka bayan kwana biyu shayi mai ɗan ɗumi zai rage muku. Shawarata ku fara ragewa tun yanzu kafin ranar ta zo. Bayan an cire zare gurzajje zai yiwu, a kurkure baki bayansa. Amma gatsar goro da haƙoran gaba, wannan sai likitanku ya ce an kai.

Kawu_Na_Mariri:
Mako biyu. To, Allah Ya ba mu ikon yi. Zan yi shawara da yaran.

Bakin_Ganga:
Ni ina ganin ana tsananta abin nan. Abokina kwana goma aka cire masa zare, a daren muka je Fagge ya ci balangu, har yau lafiya lau yake. Da zarar ciwo ya tafi an cire zare ai an warke. Sauran tsoratarwa ce irin ta asibiti.

Likitar_Haƙori:
@Bakin_Ganga wannan ita ce maganar da na fi so mu tsaya a kanta, don a nan mutane suka fi yin asara. Ranar da aka ɗaura ƙarfen, abin da ke riƙe da shi matsi ne kawai, kamar yadda kafinta ke ɗaura sukuru a katako. Daga nan jiki sai ya fara cinye tsohon ƙashin da ke manne da ƙarfen, wanda huda ta taɓa, yana gina sabo a madadinsa. Cinyewar tana riga ginin. Saboda haka wajen mako na 3 zuwa na 4, matsin farko ya ragu, sabon ƙashi bai gama ƙarfi ba, a lokacin ne dashen ya fi rauni. Kuma a lokacin ne mutum yake jin ya warke sarai: ba ciwo, ba kumburi, ba zare. Sai ya ɗauki rake ko goruba ko ƙashin kaza. In ƙarfen yana ɗan motsi a wannan lokacin, ko da motsin da ba za ka ji ba ne, maimakon ƙashi sai wani nama mai laushi ya zagaye shi, kuma irin wannan ba ya kamawa, sai dai a cire a jira a sake. Abokinka ya ci sa'a, wataƙila kuma a ɗaya ɓangaren ya tauna. Nama mai laushi da aka yanka ƙanana, bayan mako biyu, a ɗaya gefen, ba na hanawa. Amma kilishi, ganda, guringuntsi, aya, gasasshiyar masara, ƙuli-ƙuli, ƙanƙara, da masu danƙo irin alewa da cingam da tuwon madara, a jira sai an tabbatar ƙashi ya kama.

Baban_Gini_Dorayi:
Wannan bayanin ya shige ni, don aikina ne. Kankaren dakin da aka zuba jiya in ka taɓa samansa ya bushe, amma ba mai hankalin da zai cire katako ya ɗora bulo. Kwana 28 muke ba kankare kafin mu ce ya kai ƙarfinsa. Masu gaggawar cire katako su ne ake jin labarinsu a rediyo.

Bakin_Ganga:
Na ji, amma wata uku ba kilishi ga mutumin Kano? Ku dai faɗi abin da zai yiwu.

Ummu_Sudais:
Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. An ce kada a kurkure baki ranar farko. To alwala fa? Mahaifiyata za a yi wa wata mai zuwa, kuma na san ta, ba za ta yarda ta tsallake komai ba.

Malam_Na_Soro:
@Ummu_Sudais a mazhabar Malikiyya da muke bi, kurkurar baki da shaƙa ruwa sunnoni ne na alwala, ba farillai ba. Wanda ya bar su saboda larura alwalarsa ta inganta. Ki gaya wa Hajiya addini bai ɗora mata cutar da kanta ba. In ranta bai kwanta ba, ta sa ruwan a baki ta sunkuyar da kai ya zubo da kansa ba tare da ta wasa shi ba. Wallahu a'alam.

Likitar_Haƙori:
Malam ya gama magana, yadda ya kwatanta ɗin nan haka muke koya wa mutane. In na sama ne za a yi mata kuma aka taɓa kogon da ke gefen hanci, to face hanci da ƙarfi ma an hana na wani lokaci, ta tambayi likitanta. Asuwaki da buroshi a ci gaba da yi a sauran haƙora, a kauce wa wajen ɗinkin kawai. Baki mai datti ya fi komai ɓata aikin nan.

Inna_Ta_Gwale:
Ni dai da za ku ji tawa, a tafasa bagaruwa da kanumfari ya riƙa kuskurewa, ko ya danna ƙwayar kanumfari a wajen. Da shi muka tashi, ba mu san wani asibitin haƙori ba.

Ɗalibin_BUK:
Inna, kanumfari maganin ciwon haƙori ne na gaske, man da ke cikinsa har a asibiti ana amfani da shi a wasu kayan cike haƙori. Amma a kan ramin haƙori mai ciwo, ba a kan yankakken dasashi mai ɗinki ba. A nan ƙona naman yake yi, ƙwayar kuma tana iya karyewa ta maƙale. Abin da aka sani mai sauƙi shi ne rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwa mai ɗumi, bayan awa 24 da aikin, sau uku ko huɗu a rana, musamman bayan cin abinci. In an ba shi ruwan wanke baki na kulohekzidin ya bi yadda aka ce, kada ya zarce kwanakin, don yana sa haƙora su yi ja, balle ga mai shan shayi.

Inna_Ta_Gwale:
Gishirin ma ai namu ne, ɗan nan. Ba ku kuka ƙirƙiro shi ba.

Mai_Tambaya_001:
Wani abokina ne ya ce in tambaya masa. Shisha fa? Ba sigari ba, shisha kawai, ita ma sau biyu a mako.

Sarkin_Tsokana:
Gaishe da abokin naka. Ka ce masa mun gane muryarsa.

Likitar_Haƙori:
Ka gaya wa abokin naka, da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak in hana a duk wannan zaren, hayaƙi zan zaɓa, ba tsire ba. Zuƙar kanta tana fizge gudan jini. Nikotin yana matse ƙananan jijiyoyin da ke kai jini dasashi da ƙashi. Hayaƙin gawayin shisha kuma yana rage iskar da jini ke ɗauka. An daɗe da tabbatar da cewa dashe ya fi lalacewa a bakin masu shan taba. Kuma ya faɗa wa likitansa gaskiya kafin a fara, mu ba Hisba ba ne, ba kama shi za mu yi ba.

Hajiya_Yar_Saudiyya:
Ni duk wannan wahalar ce ban gane ba. Haƙorin Makka da na sa shekara 15 ke nan, a ranar na ci shinkafa da kaza, ba wanda ya ce mini kunu. Me ya sa ba za a yi na zinare a huta ba?

Ɗalibin_BUK:
Hajiya ai ba abu ɗaya ba ne. Na Makka riga ce ake sa wa haƙorin da yake nan da saiwarsa, ba a taɓa ƙashi. Wannan kuwa saiwar ce babu, ake dasa ta ƙarfe. Kuma ba kowane ƙarfe ƙashi ke yarda da shi ba, taitaniyom ake amfani da shi. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Branemark, shi ya lura da haka a 1952 yana bincike a ƙashin zomaye: ya zo cire na'urar taitaniyom da ya sa, ya tarar ƙashi ya manne mata ta ƙi fita. A 1965 ya dasa wa mutum na farko, kuma mutumin ya rayu da su shekara 40 har ya rasu.

Hajiya_Yar_Saudiyya:
Zomo kuma? Allah Ya kyauta. Ni dai nawa yana nan yana walƙiya.

Abu_Hafsat_Kurna:
Ku dawo kan abinci, akwai abin da aka tsallake. Duk abin da aka lissafa masa mai laushi, rabinsa suga ne: kunu, ayaba, fura, yogot mai zaƙi, faten dankali. Yayana mai ciwon suga ne, da aka yi masa ya kwana biyar a kan kunun gyaɗa da suga da lemon kwali, da aka auna shi sugan ya yi sama sosai, raunin kuma ya ƙi rufewa da wuri. Sai da aka mayar da shi kan ƙwai da alala da miyar ganye da aka markaɗa. Wanda yake da suga ya sa ido, kuma kada ya sha maganinsa ya ƙi cin abinci don baki na ciwo, nan ma faɗuwa zai yi.

ƊanKwari_82:
Alhamdulillahi ba ni da suga, amma na gode, mahaifinmu yana da shi. Yau Juma'a, kumburin da ya ƙaru jiya har kumatu ya fara sauka. Na kira likitan, ya ce kumburi dama a kwana na biyu zuwa na uku yake kai ƙarshe, in dai ba zazzaɓi, ba mugunya, ba jinin da ya ƙi tsayawa, kada in damu. Ya ce bai ƙara mini ƙashi ba. Na tambaye shi nono ya ce in sha yogot na kamfani, @Injiniya_a_Jamus sai haƙuri.

Maman_Ilham:
Madalla. Gobe ka ci abincinka a gida ka ƙoshi kafin ka fita. Mai yunwa a wajen biki ba ya jin wa'azi. Kuma ka ja kunnen uwargida kada a kawo maka kayan gara ɗaki, alkaki da nakiya da dubulan da cincin, ko wanne cikinsu in bai yi tauri ba ya yi danƙo.

Hajjaju_Mai_Kuloli:
Alkaki in ya kwana a zuma ai narkewa yake a baki.

Maman_Ilham:
Hajiya ke dai so kike ya ci komai.

ƊanKwari_82:
Jama'a an ɗaura, Allah Ya ba su zaman lafiya. Rahoto: na ci tsakiyar waina huɗu da taushe ba yaji kamar yadda Hajjaju ta ce, lafiya lau. A wajen ɗaurin auren wani baffanmu ya damƙa mini goro da dabino da alewa, na zuba a aljihu, Kawu na Mariri na tuna da kai. Da daddare an je wajen tsire, na zauna a mota. Laifi ɗaya na yi, romon farfesun kayan ciki ya yi mini ƙamshi na kurɓa da zafinsa, da yaji kuma. Wajen ya ɗan yi jini, na danna auduga mai tsabta na cije minti 30 ya tsaya. Ranar Alhamis za a cire zare. Wani abokina da ya zo daga Abuja ya tsaya Agadasawa ya sayo kilishi, ya ba ni ƙunshi guda wai tsarabar biki. Yana cikin firji.

Sarkin_Tsokana:
Firjin wace unguwa? Tambaya kawai nake yi.

Bakin_Ganga:
Ka jiƙa shi a ruwan zafi ya yi laushi ka ci ta dama, ba abin da zai faru.

Abban_Khalifa:
@Bakin_Ganga kilishin da aka lulluɓe da tunkuza da yaji, ga zare ba a cire ba? Ni da dambu kawai na ci na ga yadda ta kaya. Ya raba wa yara.

Kawu_Na_Mariri:
Ɗana, goron nan da ke aljihunka fari ne ko ja? In fari ne kada ka bar shi ya bushe, ka naɗe shi a danshin tsumma ka ba wani dattijo. Likita, in dawo kan tawa, shayin da kika ce, kofi nawa ne zai tsaya a madadin goro uku?